Jerin gwanayen kundin waƙoƙi: wa ke zaɓa, kuma da wane ma'auni?

Duk ƙarshen shekara, ko idan shekaru goma suka cika, mujallu da jaridun Amurka da Birtaniya kan fitar da jerin kundin waƙoƙin da masu sharhinsu suka ce sun fi kowanne. Jerin na fita, sai gardama ta kaure a intanet. Ga amsoshin wasu tambayoyin da mai karatu kan yi idan ya ci karo da irin wannan jeri.

Me ya sa kundi ake aunawa, ba waƙa ɗaya ba?

Abin ya samo asali ne daga faifai. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da faifan garmaho mai ɗaukar sama da minti 20 a kowane gefe, alhali wanda ake amfani da shi kafin nan 'yan mintoci kawai yake ɗauka. Da fili ya samu, mawaƙa suka fara shirya waƙoƙi goma ko sha biyu a matsayin aiki guda mai farko da ƙarshe. A tsakiyar shekarun 1960 wannan tsari ya kankama, kuma a daidai lokacin ne sana'ar sharhin waƙoƙin zamani ta kafu, har aka kafa mujallar Rolling Stone a 1967. Tare suka taso, shi ya sa har gobe mai sharhi ke ɗaukar kundi a matsayin mizanin gwanintar mawaƙi.

Yaya ake haɗa jerin?

Yawanci da ƙuri'a. Kowane mai sharhi zai rubuta nasa zaɓin, a ba kowane matsayi maki, sannan a tara. Tsarin da ya fi shahara shi ne Pazz & Jop na jaridar Village Voice ta Amurka, wanda mai sharhi Robert Christgau ya fara a 1971, aka riƙa yin sa kowace shekara daga 1974 har zuwa na 2018. A lokacin ana ba mai sharhi maki 100 ya raba wa kundi goma, kada ɗaya ya wuce maki 30, kada kuma ya gaza 5.

A cikin wannan lissafi akwai abin da mai karatu bai cika lura da shi ba. A ce mutum goma sun haukace a kan wani kundi, kowa ya zuba masa 30, ya tashi da 300. Wani kundin kuma mutum arba'in ne suka ce ba laifi, kowa ya ba shi 10, ya tashi da 400. Na biyun ne zai hau sama, ko da ba wanda ya ɗauke shi a matsayin gwaninsa na farko. Wato ƙuri'a na fifita abin da kowa ya sani kuma ba wanda ya ƙi, tana danne abin da 'yan kaɗan ke so har cikin rai. Shi ya sa sau da yawa zaɓin mai sharhi guda ya fi jerin gama-gari daɗin karantawa, domin a nan ne ake ganin inda mutum ya kauce wa jama'a.

To, wane kundi ne suka yarda ya fi kowanne a 'yan shekarun nan?

Ba su taɓa yarda ba. A 2019 jaridar Guardian ta Landan ta ɗora *Back to Black* na Amy Winehouse, wanda ya fito a 2006, a saman kundi 100 na ƙarni na 21. Shafin Pitchfork ya zaɓi *Kid A* na Radiohead a matsayin zakaran shekarun 2000, ya ba *Blonde* na Frank Ocean na shekarun 2010. Mujallar NME ta Birtaniya, da ta jera kundi 500 a 2013, 'yan gida ta sa a gaba, wato The Smiths da kundinsu na 1986. Wanda ya san gidajen nan zai iya cankar zaɓinsu tun kafin su buɗe baki.

Me ya sa jerin mujalla ɗaya ke canzawa, alhali waƙoƙin ba su canza ba?

A nan gizo ke saƙar. Dubi jerin kundi 500 na Rolling Stone. A na 2003, *Sgt. Pepper's* na The Beatles ne na ɗaya, kuma huɗu daga cikin goman farko na The Beatles ne. Babu mace ko ɗaya a goman nan, baƙar fata kuwa Marvin Gaye ne kaɗai, a matsayi na 6. Da aka sake ƙuri'ar a 2020, tare da mutum sama da 300 da suka haɗa da mawaƙa, masu haɗa kiɗa, 'yan jarida da ma'aikatan kamfanonin waƙa, kowa ya kawo kundi 50, sai hoton ya juye. *What's Going On* na Marvin Gaye, na 1971, ya zama na ɗaya, *Sgt. Pepper's* ya gangaro zuwa na 24. *Blue* na Joni Mitchell ya taso daga na 30 zuwa na 3. Kundin Lauryn Hill na 1998, wanda a 2003 yana can bayan na 300, ya dira a na 10.

Ba wata waƙa da aka ƙara ko aka cire a cikin waɗannan faifai. Masu zaɓen ne suka sauya: mata da baƙaƙen fata sun ƙaru, haka ma waɗanda suka tashi da gambarar zamani a kunne. Sannan ga zamanin. Jerin ya fito ne a watan Satumba na 2020, watanni kaɗan bayan kisan da wani ɗan sandan Amurka ya yi wa baƙar fata George Floyd, kundin Marvin Gaye kuwa magana yake a kan yaƙin Biyetnam, talauci da cin zalin 'yan sanda. A ganina zai yi wuya a raba wannan zaɓi da yanayin da Amurka ke ciki a shekarar. Wannan ba ya rage wa kundin daraja, ya dai nuna cewa jerin yana ba da labarin masu ƙuri'a kamar yadda yake ba da na mawaƙa.

Masu sharhi kan janye maganarsu?

Sosai ma. Lokacin da *Nevermind* na Nirvana ya fito a 1991, tauraro uku cikin biyar Rolling Stone ta ba shi. A jerinta na 2020 shi ne na 6. Pitchfork, mai ba da maki daga 0.0 zuwa 10.0, ya fito fili a 2021 ya sake wa wasu tsofaffin kundi maki, inda *Discovery* na Daft Punk ya tashi daga 6.4 zuwa 10. Mai sharhin da aka ba shi kwanaki ya rubuta ra'ayi ba shi da hanyar sanin wane kundi ne mawaƙan baya za su yi koyi da shi. Don haka jerin ƙarshen shekara da jerin shekaru talatin ba abu ɗaya suke aunawa ba: na farko yana auna daɗi da sabunta, na biyu ya fi auna tasiri.

Yawan ciniki na da tasiri?

Kaɗan. *Thriller* na Michael Jackson, na 1982, shi ne kundin da aka fi saya a duniya, amma na 12 ya zo a jerin 2020. Kundin farko na The Velvet Underground kuwa, wanda kasuwa ta yi wa ƙememe a 1967, da wuya a yi jeri babu shi.

Ina mawaƙan Afirka da sauran duniya?

Tambayar da ta fi kowacce dacewa ke nan, domin mujallun kan sa wa jerinsu take kamar duniya duka suka saurara, alhali kusan komai da Turanci yake, daga ƙasashe biyu. A jerin Rolling Stone na 2020 akwai Fela Kuti da kundinsa na 1975, akwai King Sunny Adé, akwai wani tarin waƙoƙin Soweto, amma duk suna can bayan matsayi na 400. Lokacin da *Juju Music* na Sunny Adé ya zo na 4 a Pazz & Jop na 1982, kamfanin Island na Birtaniya ne ya buga shi ya kai shi kunnen masu sharhin. Ba a kaɗa wa abin da ba a ji ba ƙuri'a.

Akwai kuma matsalar ma'aunin kansa. A wurare da yawa waƙa ba ta taɓa rayuwa a matsayin kundi ba: a dandali take, a gidan rediyo, a kaset, ko waƙa guda mai tsawon rabin awa. Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975, kan shafe kusan awa tana rera waƙa ɗaya a gaban jama'a, kuma a zamaninta duk Alhamis ɗin farkon wata ƙasashen Larabawa kan kasa kunne ga rediyo dominta. Takardar ƙuri'ar da ke cewa a rubuto kundi 50 ba ta da gurbin da za a sa irin wannan.