Wyatt Earp a Labaran Kaboyi

Wyatt Earp (1848–1929) ɗan doka ne na yammacin Amurka wanda marubutan labaran kaboyi suka mayar da shi abin koyi wajen zana jarumin da ke kawo doka garin da bindiga ke mulki. An haife shi a Monmouth ta jihar Illinois, ya rasu a Los Angeles ranar 13 ga Janairu, 1929, bayan ya taɓa sana'o'i da dama, ciki har da farautar ɓauna, caca da tsaron gidan giya.

Tushen labarin

Earp ya yi aikin mataimakin shugaban 'yan doka a Dodge City ta jihar Kansas, garin da a lokacin ake loda shanu a jirgin ƙasa, daga wajajen 1876. A ƙarshen 1879 ya koma Tombstone a yankin Arizona, inda haƙar azurfa ta tara baƙi daga ko'ina. A nan shi da 'yan'uwansa suka sa zare da wata ƙungiyar makiyaya da ake zargi da satar shanu.

Ranar 26 ga Oktoba, 1881, yayansa Virgil, wanda shi ne shugaban 'yan dokar garin, ya fita da Wyatt da ƙanensu Morgan da abokinsu Doc Holliday, likitan haƙori da ya koma ɗan caca, domin karɓe makaman mutanen, kasancewar dokar gari ta hana yawo da bindiga. An yi arangamar a wani ɗan fili kusa da titin Fremont, daura da shagon wani mai ɗaukar hoto, ɗan nesa da garken dawaki na O.K. da faɗan ya ci sunansa. An ƙiyasta cewa an yi harbi kusan 30 cikin daƙiƙa 30 ko makamancin haka. Daga ɓangaren makiyayan, Billy Clanton da 'yan'uwa biyu, Tom da Frank McLaury, suka mutu nan take ko jim kaɗan bayan haka, Virgil da Morgan da Holliday suka ji rauni, Wyatt kuwa ko ƙwarzane bai samu ba. Alƙali Wells Spicer ya saurari shaidu, ya yanke cewa babu hujjar gurfanar da su Wyatt. Har yanzu ana saɓani kan wanda ya fara harbi.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. A Disambar 1881 aka yi wa Virgil kwanton ɓauna, hannunsa na hagu ya nakasa, a Maris na 1882 kuma aka harbe Morgan yana cikin wasan biliyad. Wyatt ya tara mutane ya bi waɗanda yake zargi yana kashewa ba tare da shari'a ba, sannan ya bar Arizona da sammacin kisan kai a kansa.

Shigarsa littattafai

A zamaninsa an fi saninsa da alƙalancin wani damben da aka yi a San Francisco a 1896, wanda aka zarge shi da maguɗi a ciki. Sunansa ya sake haske ne a 1931, lokacin da Stuart Lake ya fitar da littafin Wyatt Earp: Frontier Marshal, wanda masana tarihi suka tabbatar yana cike da ƙari. Daga nan ƙagaggun labarai da finafinai suka ɗauki siffar: mutum mai ƙarancin magana, mai saurin zare bindiga, wanda ba ya harbi sai an ƙure shi. Tuhumar satar doki da aka yi masa a 1871 ba kasafai take samun gurbi a cikinsu ba.

Ra'ayin masu karatu

Masu son irin waɗannan littattafai suna yaba saurin tafiyar labari da yadda gaskiya ke yin halinta a ƙarshe. Masu suka kuma suna ganin an wanke ramuwar gayya an sa mata rigar doka, kuma wannan suka tana da ƙarfi idan aka duba abin da ya faru a 1882. Akwai kuma ƙorafin cewa shaharar Earp ta danne wasu da suka fi shi daɗewa a aikin, irin su Bass Reeves, baƙar fatar da aka haifa cikin bauta, wanda ya fara aikin kamo masu laifi a 1875 ƙarƙashin kotun alƙali Isaac Parker ta Fort Smith, ya shafe sama da shekara 30 yana yi.