Adbent da tarbiyyar yara a kan alheri

Adbent lokaci ne na shiri da mabiya ɗarikar Katolika ke yi kafin Kirsimeti, kuma da shi shekarar ibada ta coci take farawa. Sunan daga Latin yake, ma'anarsa zuwa ko isowa. Yana ɗauke da Lahadi huɗu, ta farkon tana faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, ya ƙare a jajibirin Kirsimeti. Fada, wato limamin coci, yakan sa riga shunayya, launin tuba da jira, sai a Lahadi ta uku aka yarda ya sa ruwan hoda. A Katsina wannan lokaci yakan zo daidai da hunturu, an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, kuma sanyin asuba ya fara nuna wanda ba shi da mayafi.

Coci tana ɗaukar waɗannan makonni a matsayin damar koya wa yara bayarwa kafin ranar da za su karɓa. Tushen koyarwar yana cikin karatun lokacin. A Luka 3:11, wanda ake karantawa a Lahadi ta uku sau ɗaya cikin shekara uku, Yohanna Mai Baftisma ya ce mai riga biyu ya ba wanda ba shi da ita, mai abinci ma haka. Katekis, mai koyar da addini a coci, ba ya shan wahalar fassara wannan ga yaro ɗan shekara bakwai, domin rigar tana jikinsa, marar rigar kuma ya san shi a unguwa.

Al'adar da ta fi dacewa da ƙananan yara ita ce ta komin dabbobi. Waliyyi Faransis na Asisi ne ya shahara da shirya komi a Greccio ta Italiya a 1223, don mutane su gani da idonsu irin talaucin da aka haifi Yesu a ciki. Daga baya wasu iyalai suka ƙara wani abu: a ajiye komin wayam tun farkon Adbent, duk yaron da ya yi aikin kirki ya saka tsinken ciyawa ɗaya, har a samu shimfiɗa mai laushi ranar 25 ga Disamba. Ɗebo wa tsohuwa ruwa, raba ƙosai da ƙane, yin shiru lokacin da aka tsokane ka, duk suna shiga lissafi. A ƙasar da karan gero da harawa ke ko'ina bayan girbi, ba a kashe ko kwabo a kanta. Tana da nata aibin, don yara kan mayar da ita gasa, kowa na ƙirga nasa. Shi ya sa masu koyarwa da yawa suka fi so a saka tsinken ba tare da an faɗi abin da aka yi ba.

Kambin ganye da ake ajiyewa a lokacin Adbent, mai kyandir huɗu, uku shunayya ɗaya ruwan hoda, da yara ya samo asali. Ana danganta shi da Johann Hinrich Wichern, wani fasto ɗan Lutheran a Hamburg ta Jamus, wanda a 1839 ya jera kyandirori a kan tayar amalanke don yaran talakawa da yake riƙo su daina damunsa da tambayar yaushe Kirsimeti. Katolika sun ara ne daga baya.

Ranar 6 ga Disamba ake tunawa da Waliyyi Nikolas, bishop na Myra a ƙarni na 4, a Turkiyya ta yau. Labarin da ake ba yara shi ne yadda ya jefa kuɗi cikin dare a gidan wani talaka mai 'yan mata uku don a samu na aurar da su, ya tafi ba a gan shi ba. Akwai kuma Ƙungiyar Yarantaka Mai Tsarki, wadda Bishop Charles de Forbin-Janson ya kafa a Faransa a 1843, inda yara ke tara ɗan abin da suka samu don taimakon yara 'yan'uwansu.

Dayosis ɗin Katsina, wato yankin cocin da ke ƙarƙashin bishop ɗaya, sabuwa ce. Fafaroma Faransis ya cire ta daga ta Sakkwato a Oktoban 2023, ya naɗa Gerald Mamman Musa bishop na farko. Babban cocinta a birnin Katsina yana ɗauke da sunan Martin de Porres, ɗan Lima ta Peru da ya rasu a 1639, wanda aka sani da jinyar marasa lafiya da ciyar da mayunwata, hotonsa ma da tsintsiya a hannu ake zana shi. Da yake Katolika 'yan tsiraru ne a jihar, maƙwabcin da yaro zai yi wa alheri sau da yawa Musulmi ne. Ranar Kirsimeti yaran ne dai ake ɗora wa kwanon shinkafa da nama su kai gidajen da suka aiko da nasu ranar Sallah.