Barbarar furanni a lambunan gidajen Kano

Barbarar furanni ita ce kai garin fure daga ɓangaren namiji zuwa ɓangaren mace domin tsiro ya yi 'ya'ya. Kalmar tsohuwa ce, don malaman fiƙihu sun daɗe suna zancen barbarar dabino, wadda mutum ke yi da hannu. Gero da dawa da masara iska ce ke yi musu, amma yawancin kayan miya da ake shukawa a tsakar gida ƙwari ne ke ɗauke musu wannan aiki. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona suna da wata buƙata ga barbarar ƙwari da tsuntsaye da jemagu.

A birnin Kano, hidimar takan kankama idan bazara ta ja baya, ruwan fari ya sauka a watan Mayu ko Yuni. Kafin nan mangwaro ya riga ya yi fure tun cikin hunturu, darbejiya ma ta zubar da nata. Yakuwa kuwa ba ta gaggawa, sai damina ta doshi ƙarshe. Abin da ke tsakani shi ne kuɓewa da kabewa da duma da soso da ke hawa katanga, sai zogale da lalle.

Kabewa ce ta fi nuna yadda lamarin yake. Yaɗo guda yana fitar da fure iri biyu: namiji mai siririn wuya, da mace mai ɗan ƙulli a gindi. Furen yakan buɗe da asuba, kafin azahar ya yi yaushi, kuma ba ya sake buɗewa. Idan ƙwaro bai bi ta kan namijin ya faɗa cikin macen a 'yan sa'o'in nan ba, ƙullin sai ya yi rawaya ya faɗi. Sau da yawa uwargida takan ɗora laifin a kan iri ko ƙarancin taki, alhali baƙi ne ba su zo ba. Ana iya gyarawa da hannu: a tsinko namijin, a cire ganyen furen, a goga tsinken a cikin macen. Kuɓewa ba ta da wannan damuwa sosai, domin furenta guda ya haɗa namiji da mace.

Ƙudan zuma ne kan gaba. Irin na Yammacin Afirka masana na kiransa Apis mellifera adansonii, kuma ya fi na Turai saurin fushi, shi ya sa ba a cika rataye amya a cikin unguwa ba. Daga kogon bishiya ko rufin tsohon gini yake fitowa. Akwai galla, ƙaramar ƙudan zuma marar harbi, da wani baƙin ƙwaro mai ruri da ke huda busasshen itace, wanda ke girgiza furen tumatir da gauta har garin ya zubo. Malam-buɗe-littafi ya fi kowa ɗaukar ido, amma aikinsa bai kai sunansa ba. 'Yan uwansa na dare su ne ke bin farin furen duma, wanda sai da yamma yake buɗewa, da na gwanda, wadda galibi bishiyar namiji daban take da ta mace.

Furannin ado da ake gani a gidajen Nasarawa da Bompai baƙi ne akasarinsu. Bogenbiliya, alal misali, daga Kudancin Amurka ta fito, kuma jan abin da ake ɗauka fure ne ganye ne. Ainihin furen ɗan fari ne a tsakiya.

Abubuwa biyu ke rage ƙwarin a cikin gari: shafe tsakar gida da siminti, wanda ke toshe ramukan masu sheƙa a ƙasa, da feshin magani irin su fiya-fiya. Malaman gona kan ce in feshi ya zama dole, a bari sai bayan la'asar sakaliya, lokacin da ƙudan zuma ya koma gida. Tun daga 2018 ake bikin Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya a ranar 20 ga Mayu, wadda a Kano takan zo daidai da lokacin da ake duban gabas ana jiran hadari.