Riga lokaci zuwa gidan ɗan Ingila ba ladabi ba ne

Mun daɗe muna jin cewa Bature ba ya wasa da lokaci, har wasu suka ɗauka idan ɗan Ingila ya gayyace ka cin abincin dare a gidansa ƙarfe 7:30, ladabi shi ne ka iso 7:15. Kuskure ne, kuma takura masu gida yake yi.

Cika lokaci daidai na wurin aiki ne da ganin likita. Liyafar gida daban take. Yawanci masu gidan da kansu suke girki, babu 'yar aiki, babu ƙanne da za su tari baƙo. A mintunan ƙarshe ake jera faranti, a duba nama, a sauya kaya. In ka ƙwanƙwasa ƙofa a lokacin, dole ɗayansu ya bar tukunya ya zauna da kai. Shi ya sa suka fi son baƙo ya ɗan jinkirta da minti 10 zuwa 15.

In gayyatar ta ambaci lokaci biyu, 7:30 da 8:00, na farko na gaisawa ne da ɗan abin sha, na biyu na zama cin abinci. Kada takwas ta same ka a hanya. In cunkoso ya riƙe ka, ka buga waya.