Mene ne “alhakin kwamanda” a shari'ar laifukan yaƙi?

A majalisarmu ta bayan la'asar a Fagge, da hira ta biyo ta kan kotun duniya ta ICC, wani dattijo ya yi tambaya mai ma'ana: yaya za a ɗaure mutum kan kisan da aka yi yana wata ƙasa, bai harba ko harsashi ɗaya ba? Amsar ita ce abin da lauyoyi ke kira alhakin kwamanda, wato kama shugaba da laifin da dakarunsa suka aikata.

Bahaushe ya ce babba juji ne. Sai dai a shari'a ba kowace shara ake zuba wa babba ba. Sashe na 28 na Yarjejeniyar Roma, wadda ta kafa kotun, ya gindaya sharuɗɗa. Dole a tabbatar cewa dakarun suna ƙarƙashin ikonsa da gaske, in ya ce tsaya su tsaya. A tabbatar ya san abin da suke yi, ko kuma ya kamata a ce ya sani. Sannan a nuna bai yi iya abin da zai iya ba wajen hana su ko hukunta su. Ɗauki misalin maigida a Kantin Kwari da yaron shagonsa ke rage wa mutane yadi: in an sha kawo masa ƙara yana kawar da kai, ai ba zai ce ba ruwansa ba.

A wannan sharaɗi na ƙarshe ne rigimar take, kuma shari'ar Jean-Pierre Bemba, tsohon mataimakin shugaban Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ta fito da hakan fili. Mayaƙansa sun tsallaka Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 2002 zuwa 2003, inda aka yi kisa da fyaɗe da wawure dukiya. A 2016 kotu ta same shi da laifi, ta yanke masa shekara 18. Ya ɗaukaka ƙara. Ranar 8 ga Yunin 2018 aka soke hukuncin, alƙalai uku suka rinjayi biyu, kuma cikin ukun har da ɗan Najeriya, Chile Eboe-Osuji. Daga cikin hujjojinsu akwai cewa kotun farko ba ta auna wahalar da ke gaban kwamandan da ke nesa da dakarunsa a wata ƙasa ba, kuma ta kama shi da wasu laifukan da ba sa cikin tuhumar. A lokacin ya riga ya shafe shekara goma a tsare.

Ni dai abin da ke damuna shi ne yadda ake fahimtar kalmar “an wanke shi”. Alƙalan ba su ce ba a yi ɓarna ba. Cewa suka yi ba a tabbatar da alhakinta a wuyan wannan mutumin ba. Mutum fiye da dubu biyar ne kotun ta amince su shiga shari'ar a matsayin waɗanda abin ya shafa, kuma da hukuncin ya rushe, batun diyyarsu ya bi shi.

Shi ma Bemban bai fita fes ba, don an same shi da laifin sayen shaidu a wata shari'a daban, abin da ya hana shi takarar shugaban ƙasa a 2018. Ya nemi kotun ta biya shi diyyar zaman da ya yi a tsare, ta ƙi. A 2023 aka naɗa shi ministan tsaron ƙasarsa.