Waiwaye: Yadda birnin New York ya koyi ƙirga masu tarin fuka

A wajen shekarar 1900, tarin fuka yana kashe kusan mutum 10,000 duk shekara a birnin New York na Amurka, alhali mazauna birnin ba su cika miliyan uku da rabi ba. Adadin mamata hukuma ta san shi gwargwado, tunda ba a binne gawa sai da takarda. Masu rai ne ba ta san yawansu ba, waɗanda ke tari a ɗakunan haya suna tofar da kaki a ƙasa, yara na wasa a gefe.

Kafin nan mutane da yawa, har da likitoci, sun ɗauka cutar gado ce. A ranar 24 ga Maris 1882 likitan Jamus Robert Koch ya bayyana a Berlin cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, shi ya sa ake tunawa da cutar a wannan rana duk shekara. Wani likitan hukumar lafiya ta New York, Hermann Biggs, ya riƙe maganar da hannu biyu. A 1889 shi da abokan aikinsa suka rubuta wa hukumar cewa cutar ɗauka ake yi, kuma ana iya tare ta. Daga 1894 aka wajabta wa asibitocin gwamnati kai sunan duk mai cutar, aka roƙi likitoci masu zaman kansu su ma su riƙa kaiwa, aka buɗe gwajin kaki kyauta. Roƙon bai yi tasiri sosai ba. A 1897 aka mayar da shi dole a kan kowane likita.

Nan fa aka yi ta cacar baki. Ƙungiyoyin likitoci suka ce hukuma ta shiga tsakaninsu da majinyatansu, har suka kai ƙara majalisar jiha suna neman a soke dokar. Ba za a ce ba su da hujja ko kaɗan ba. Wanda aka sani da tarin fuka yana iya rasa aiki ko ɗakin haya, wasu kamfanonin inshora kuma ba sa biyan iyali in an rubuta sunan cutar a takardar mutuwa. Don haka likita mai tausayi sai ya rubuta ciwon huhu ko mashaƙo, ya rufa wa gidan asiri. Amma asirin da aka rufa wa mutum ɗaya, maƙwabtansa goma ne ke biyan kuɗinsa da huhunsu. Dokar dai ta tsaya.

Da sunaye suka fara shigowa, ma'aikata suka riƙa ɗiga su a taswira gida-gida, sai ga ɗigo ya yi cincirindo a wasu wurare. Wanda ya fi yin suna shi ne wani rukunin gidaje a unguwar Lower East Side, tsakanin titunan Cherry da Catherine da Hamilton da Market, wanda aka yi wa laƙabi da rukunin huhu. Kusan mutum 4,000 ne a cunkushe a ciki, akasari baƙin haure talakawa. Ɗakuna da yawa ba su da taga, rana ba ta taɓa leƙa su. Mai haya ya mutu, a fitar da katifarsa, wani iyali ya tare a ɗakin, bayan wani lokaci shi ma a ji tari ya tashi. Cikin shekara tara an kai rahoton mutum 265 daga wannan wuri kaɗai. Dokar gidajen haya ta 1901 ta hana gina ɗaki marar taga, amma rukunin kansa sai a 1933 aka rushe shi.

Ga wani abu da ke rikita mai karanta alƙaluman wancan zamani. Yawan waɗanda ake kai rahotonsu ya yi ta hawa, har ya haura 30,000 a shekara wajen 1910, yayin da kason masu mutuwa ke sauka. Cutar ba ƙaruwa take yi ba, ido ne ya buɗe. Irin wannan aka gani a Najeriya: waɗanda aka gano sun tashi daga kimanin 138,000 a 2020 zuwa sama da 360,000 a 2023, galibi saboda an faɗaɗa gwaji.

Magani na gaskiya ya zo a makare. An gano streptomycin a 1943, sannan aka gwada isoniazid a asibitin Sea View da ke tsibirin Staten a farkon shekarun 1950. Gadaje suka fara zama babu kowa. A 1978 mutum 1,307 kawai aka samu a duk birnin.

Sai aka saki jiki. Birnin ya shiga matsin kuɗi a tsakiyar shekarun 1970, aka rage ma'aikata, aka rufe ɗakunan shan magani. Cutar ƙanjamau ta shigo, marasa matsuguni suka cika gidajen kwana na gwamnati. Wani bincike a asibitin Harlem ya nuna kashi 89 cikin ɗari na waɗanda aka sallama sun ɓace ba su ƙarasa magani ba. Rabin magani kuwa horar da ƙwayar cutar yake yi. A 1992 adadin ya kai 3,811, ɗaruruwa daga ciki da irin da ba ya jin manyan magunguna biyu.

A shekarar ne Thomas Frieden ya karɓi ragamar sashen yaƙi da cutar, ya koma kan hanyar Biggs: suna, adireshi, bibiya. Ma'aikaci ya ɗauki ƙwayoyin magani ya bi majinyaci gida ko bakin titi, ya tsaya har sai ya ga ya haɗiye. Wanda ya ƙi bayan an yi ta lallashi, a tsare shi a asibitin Goldwater da ke tsibirin Roosevelt har ya warke. Kafin ƙarshen shekarun 1990 adadin ya ragu da fiye da rabi, bayan an kashe sama da dala biliyan ɗaya.