Linux From Scratch: gina Linux daga tushe, gano matsalolinsa da daidaita shi

Linux From Scratch, wanda ake taƙaita sunansa da LFS, littafi ne na kyauta da ke intanet wanda yake koya wa mutum yadda zai haɗa babbar manhajar Linux da hannunsa, tun daga asalin rubutun manhajoji, wato sos kod. Ba irin Ubuntu ko Fedora ba ne da za ka sauke a filash ka danna ka sa, a nan abin da za a ba ka umarni ne a rubuce da jerin inda za ka sauko da fakej-fakej kusan 80, sauran aikin naka ne. Gerard Beekmans ne ya fara rubuta shi, fitowar farko ta zo a watan Disamba na 1999, daga baya Bruce Dubbs ya zama babban mai kula da shi. Akan fitar da sabon bugu sau biyu a shekara, wajen farkon Maris da farkon Satumba, kuma littafin ya yi shekaru da dama yana zuwa iri biyu, mai SysVinit da mai systemd, wato manhajar da ke fara tashi ta tayar da sauran.

Kayan da ake ginin da su ba na littafin ba ne. Kenel ɗin, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa sassan kwamfuta, na Linux ne wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, mafi yawan sauran kuma kamar GCC (kompaila) da glibc (babbar laburaren tsarin) da Bash da Binutils na aikin GNU ne da Richard Stallman ya sanar a 1983. Akwai Gentoo na Daniel Robbins wanda shi ma daga sos ake kompail ɗinsa, wato a mayar da rubutun ya zama manhaja mai aiki, sai dai can manajan fakej ɗinsa, Portage, shi ne ke yi maka lissafin me ya dogara da me, a LFS babu wannan, kai ne za ka riƙe komai a kanka.

Yadda ginin yake tafiya

Dole sai kana da wata Linux mai aiki a kwamfutar tukuna, ita ce uwar gida, ita za ta ara maka kompaila na farko. Za ka yanki fatishan, littafin ya ce gigabait 10 shi ne mafi ƙaranci amma 30 ya fi dacewa, ka yi masa fomat da ext4, ka ɗora shi a /mnt/lfs, sannan ka ajiye wannan adireshin a cikin $LFS, sunan da umarnin littafin ke amfani da shi a madadinsa. Daga bugu na 10.0 da ya fito a Satumbar 2020 an sake fasalin aikin: a babi na 5 ana gina Binutils da GCC zagayen farko da glibc, babi na 6 ƙananan kayan aiki na wucin gadi, babi na 7 a shiga chroot, wato ka rufe kanka cikin sabon fatishan ɗin ya zama shi ne duniyarka, babi na 8 shi ne mai tsawo inda ake gina komai na dindindin, sai saituna, sai kenel da GRUB, manhajar da ke ɗauko kenel in an kunna kwamfuta, a babi na 10.

Dalilin wannan zagaye-zagayen shi ne a yaye sabon tsarin daga uwar gida. In aka yi kompail kai tsaye, manhajojin za su riƙa neman laburaren tsohuwar Linux ɗin, ranar da ka tashi da sabon shi kaɗai ba za su same su ba. Shi ya sa ake gina GCC har sau uku. Lokacin aikin kuma ba a faɗarsa da minti saboda kwamfutoci sun bambanta, ana aunawa da SBU, wato tsawon lokacin da Binutils zagayen farko ya ci a kwamfutarka shi ne SBU ɗaya, GCC na babi na 8 tare da gwaje-gwajensa kuwa gomman SBU yake ci.

Matsalolin lokacin kompail

Abin da ya fi wahalar da mutane a LFS shi ne inda matsala ta bayyana ba nan aka yi kuskuren ba. Mutum zai tsallake layi ɗaya na sed a babi na 5, komai ya wuce lafiya, sai bayan kwana biyu a tsakiyar babi na 8 wani fakej ya ƙi, ya yi ta bincike a kan wannan fakej ɗin alhali shi ba ruwansa. A ganina wannan ne ya sa littafin yake nacewa a kan ƙananan gwaje-gwajen da yake sakawa a hanya, kamar wanda ake yi bayan glibc inda za ka yi kompail ɗin ɗan shiri wanda babu komai a cikinsa ka duba shi da readelf, a kwamfuta mai bit 64 ya kamata ka ga /lib64/ld-linux-x86-64.so.2. In ka ga wani abu daban, ko ba ka ga komai ba, toh tsayawa ake yi a nan a koma baya, ci gaba ɓata wuta ne da lokaci kawai.

Tun kafin a fara ma akwai version-check.sh da ke duba uwar gida. A Debian da Ubuntu /bin/sh yana nuna dash ne, littafin kuma bash yake so, haka awk ya zama gawk, yacc ya zama bison. Mutane da yawa suna raina wannan matakin.

Sai batun $LFS, wanda shi ne mafi hatsari duk a cikinsu. In ka koma root, wato asusun mai cikakken iko, da umarnin su - ko ka kashe kwamfuta ka kunna, wannan adireshin yana iya ɓacewa, shi kuma bash ba zai yi maka magana ba, zai ɗauke shi a matsayin babu komai. Kaga umarnin da ya kamata ya taɓa $LFS/usr sai ya taɓa /usr na uwar gida, in chown ne ya canza mallakar fayilolin tsarin da kake kai, in rm ne kuwa shikenan. Maganinsa echo $LFS kafin duk wani umarni na root, daƙiƙa biyu ne. Haka in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, dawowa ba shiga chroot kawai ba ne, sai an sake ɗora fatishan, an sake saita $LFS, an sake ɗora /dev da /proc da /sys da /run, sannan a goge foldar fakej ɗin da ya tsaya a rabi a sake kwance shi daga tar. Wannan gogewar ma doka ce ko ba a ɗauke wuta ba, duk fakej ɗin da aka gama a goge foldarsa, don ragowar ginin farko na GCC yana lalata na biyu. A ƙarshen babi na 7 littafin ya nuna yadda ake yin bakof da tar, wanda ya yi shi in babi na 8 ya lalace daga nan zai ɗora.

Karanta saƙon kuskure shi ma sai an koya. Layukan ƙarshe da make ke fitarwa, masu Error 1 da Error 2, ba su faɗin komai, sanarwa ce kawai cewa wani abu ya faɗi a sama. Ainihin maganar tana can sama, wani lokaci layi ɗari baya, musamman in ana aiki da make -j8 inda ayyuka takwas ke zuba rubutu a lokaci guda su cakuɗe, a nan dabara ita ce ka sake gudu da -j1 sai kuskuren ya fito fili a ƙasa. In configure ne ya tsaya da "C compiler cannot create executables", amsar tana cikin config.log, kuma ba a ƙarshensa take ba don ƙarshen jerin saituna ne, nemo wannan jimlar za ka yi ka karanta abin da ke samanta. In kuma ka ga "Killed signal terminated program cc1plus", sos ɗin lafiyarsa ƙalau, RAM ne ya ƙare kenel ya kashe kompaila, sai a rage lambar -j ko a ƙara swap. Gwaje-gwajen glibc da GCC da Binutils littafin ya ɗauke su da muhimmanci sosai, amma ya lissafa waɗanda aka san suna faɗuwa, saboda haka faɗuwar biyu ko uku da ke cikin jerin ba abin damuwa ba ne, ɗaruruwa ne ke nuna akwai ɓaraka. Akwai kuma shafin gyare-gyare na kowane bugu, ya kamata a leƙa shi kafin a fara.

Tashin farko

Nan ne zuciya ke bugawa. Ka kashe, ka kunna, ka zaɓi sabon tsarin a GRUB, rubutu ya yi ta gudu, sai ya tsaya cik, a ƙasa an rubuta "Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)", a wasu kwamfutocin fitilar Caps Lock tana ƙiftawa. Ma'anarsa kenel ya tashi amma bai ga diskin da tsarin yake kai ba. Kusan kullum dalilin ɗaya ne, a make menuconfig an bar direban diski, AHCI ko NVMe, ko kuma ext4 kanta, da alamar M maimakon tauraro. M na nufin modul, fayil ne da ke zaune a kan diskin, kenel kuma ba zai iya karanta diskin ba sai da shi, kamar ka kulle ɗaki da makullin a ciki. Sauran rabe-raben Linux suna kauce wa wannan da initramfs, ƙaramin tsarin wucin gadi mai ɗauke da direbobi da ake lodawa tare da kenel, LFS ba ya gina shi, don haka waɗannan direbobin dole su shiga jikin kenel. Saboda rashin initramfs ɗin ne ma root=UUID ba ya aiki a grub.cfg, sai dai root=/dev/sda2 ko PARTUUID.

GRUB shi ma yana da nasa ƙidayar, diski daga 0 yake farawa, fatishan daga 1, wato (hd0,2) shi ne /dev/sda2. In sunan fayil ɗin kenel a grub.cfg ya saɓa da wanda ke /boot ko da harafi ɗaya zai ce bai gani ba. A bugu na 12.0 umarnin GRUB da ke cikin littafin na BIOS ne, mai UEFI sai ya je BLFS, wato littafi na biyu, Beyond Linux From Scratch. Duk waɗannan gyaransu hanya ɗaya ce, ka tashi da uwar gida ko Linux ta filash, ka shiga chroot, ka gyara, ka sake gwadawa, shi ya sa ba a goge uwar gida da wuri, kuma shi ya sa gwajin farko ya fi sauƙi a cikin QEMU ko VirtualBox.

Waifai na laftof yakan ƙi ko da direba yana nan, saboda yana buƙatar famwaya, wato ɗan fayil ɗin manhaja da ake loda wa na'urar kanta, a /lib/firmware. lspci -k a uwar gida zai nuna maka direban da kowace na'ura ke amfani da shi, dmesg kuma zai faɗi sunan fayil ɗin da aka nema aka rasa. A nan lamarin ya juya, direban waifai gara ya zama modul, don in yana jikin kenel zai nemi famwaya tun kafin a ɗora diski.

Daidaita shi yadda kake so

Abin da ake samu bayan duk wannan baƙin allo ne da wurin rubuta suna da kalmar sirri. Babu burauza, babu sudo, ko wget babu. Ci gaban yana cikin littafi na biyu, Beyond Linux From Scratch, wanda shi ba a binsa a jere, zaɓa ake yi, Xorg ko Wayland, Xfce ko KDE Plasma ko GNOME, kowane fakej an rubuta abin da yake buƙata dole da wanda aka ba da shawara da na ganin dama. Firefox kaɗai sai ya ja ka ka gina Rust da LLVM da Node.js.

Ga mai rubutu da Hausa akwai abubuwan da za a iya saitawa tun daga tushe. glibc yana da lokal na ha_NG, ana girka shi da localedef -i ha_NG -f UTF-8 ha_NG.UTF-8, agogo kuma a ɗaura /etc/localtime a kan Africa/Lagos ko Africa/Niamey. A xkeyboard-config akwai tsarin kibod na Hausa a ƙarƙashin ng da kuma gh, setxkbmap ng hausa zai ba ka ƙ da ɗ da ɓ, sai ka sa font mai ɗauke da su kamar DejaVu. A baƙin allon kenel kam font ba ya wuce haruffa 512, don haka masu lanƙwasa sukan fito a matsayin akwati.

Wasu suna son sa -march=native da -O3 a CFLAGS don gudu. Littafin ya yi gargaɗi a kan haka, kuma ina tare da shi, ribar kaɗan ce, sannan tsarin da aka gina da native in aka kai diskin wata kwamfuta mai tsohon furosesa sai ya riƙa mutuwa da "Illegal instruction". GMP ma da kansa yake daidaita kansa da furosesan da aka gina shi a kai in ba a hana shi ba. Ginin farko a bi littafi harafi da harafi, canje-canje a bari sai na biyu, kuma ɗaya bayan ɗaya ana rubutawa.

Babban giɓin shi ne babu manajan fakej, make install yana watsa fayiloli ne ba tare da rajista ba. Littafin ya bayyana dabaru amma bai zaɓar wa kowa ba, mafi sauƙi ita ce DESTDIR, ka fara girkawa a wata folda ta daban, ka adana jerin fayilolin, sannan ka kwafa zuwa tsarin. Sabunta tsaro ma a wuyanka yake, masu aikin suna fitar da sanarwar raunin da aka gano, kai za ka karanta ka sake kompail. Kenel yana da sauƙin sabuntawa tunda za ka iya barin tsohon a GRUB, glibc kuwa kusan komai a kansa yake tsaye, in sabuntawar ta karye a tsakiya ko ls ba zai yi aiki ba. Wanda ya riga ya gina da hannu yana son maimaitawa, akwai manhajar jhalfs ta aikin ALFS (Automated Linux From Scratch) da ke ciro umarnin daga littafin ta gudanar da su a jere.